Babur ɗin mahaifina ƙirar 1976: zai kai ni ya dawo da ni, tafiyar kilomita 3,000?

Magajin_550:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar Honda CB550 ƙirar 1976, mai silinda huɗu. Shekara tara yana jingine a lungu an rufe shi da tamfol. Da aka zo rabo 'yan'uwa suka ce ni in ɗauka, tunda ni ne mai ciwon babur a gidan. Na sa sabon batir da fulogi, na juye baƙin mai, na wanke kafireto, ya tashi a kik na biyar. Yanzu sati uku ina zagayawa da shi a cikin gari, lafiya lau.

Abin da ke raina shi ne doguwar tafiya, wajen kilomita 3,000 zuwa da dawowa, cikin kwana 12, nan da wata biyu. Abokaina sun ce hauka nake, in ajiye shi don tarihi in nemi na zamani. Waɗanda suka taɓa yin nisa da tsohon mashin, me kuka gani?

Gagarabadau:
Wa'alaikumussalam. Ka ji maganar abokanka. Mashin da ya girme ka ba abin shiga daji da shi ba ne.

Baba_Mai_Sifana:
Allah ya jiƙan mahaifinka, ɗana. Kafin a ce e ko a'a, amsa min tambaya ɗaya: tayoyin da ke jikinsa na yaushe ne? Duba gefen tayar, za ka ga lamba huɗu a ƙarshen wani dogon rubutu. Biyun farko sati ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2314, an yi ta a sati na 23 na 2014. In kuma lamba uku ka gani, to tayar ta riga shekarar 2000 zuwa duniya.

Na fara da taya ne saboda injin shi ne abu na ƙarshe da zai ba ka kunya a wannan mashin. Ƙarfe ba ya damuwa da zama in dai akwai mai a jikinsa. Roba ce ba ta yafe zama. Taya, tiyub, tiyon birki, tiyon fetur, robobin da ke haɗa kafireto da injin, sil ɗin shokozoba na gaba, duk sun bushe suna jiran ranar da za su yi zafi sosai. Zagayen cikin gari ba ya tona musu asiri. Awa huɗu a kan titi ba tsayawa shi ke tonawa.

Magajin_550:
Baba na je na duba yanzu da tocila. Ta gaba 2009, ta baya 2011. Amma wallahi zanensu kamar sababbi, ko rabi ba su ci ba.

Baba_Mai_Sifana:
Cire su. Zane ba ya riƙe ƙasa in robar ta zama katako. Danna farcenka a kai ka ji.

Dan_Boksa:
Ni ina bayan Magaji. Da tsohuwar zuma ake magani. A 1973 Ted Simon ya tashi daga Landan a kan Triumph Tiger mai cc 500, ya yi shekara huɗu yana zagaya duniya, ƙasashe 45. Mashin ɗin da ya hau bai kai naka ƙarfi ba, bai kai shi santsi ba. Kilomita 3,000 a wajensa ai ɗumama inji ne.

Gagarabadau:
@Dan_Boksa ka manta ka faɗa musu cewa sabo fil ya hau. A 1973 wannan Triumph ɗin ɗan yayi ne. In misalin tsohon mashin kake so, ga na Che Guevara da abokinsa Alberto Granado: a 1952 suka bar Ajantina a kan Norton 500 ƙirar 1939. Shekararsa 13 kacal, amma a Chile ya ce ga garinku nan, sauran tafiyar a ƙafa da bayan manyan motoci suka ƙarasa. Na Magaji ya doshi hamsin.

Dan_Boksa:
Su biyu ne a kai da kaya kamar masu ƙaura, a kan hanyar tsakuwa, suna faɗuwa suna tashi suna ɗaure shi da waya. Ko sabo ne sai ya gaji.

Hajiya_R60:
Ku bar ni in sa baki. Elspeth Beard, 'yar Ingila, ta fita a 1982 da BMW R60/6 ƙirar 1974 da ta saya na hannu, ta zagaya duniya ta dawo gida a 1984. Abin da ya kai ta ya dawo da ita shi ne ta san mashin ɗinta ciki da waje, da hannunta take kwance shi. Tambayar da zan yi wa ƙanena Magaji ke nan. In ya mutu maka a inda ba gida gaba ba gida baya, ka san ta inda za ka fara? Wuta, mai, iska: ka iya bin su ɗaya bayan ɗaya?

Magajin_550:
Yaya Hajiya gaskiya fulogi da baƙin mai kawai na iya. Kafireton ma tare da wani muka wanke, ni ina miƙa sifana.

Hajiya_R60:
To kana da wata biyu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Nemi littafin gyaran wannan ƙirar, yana nan a intanet, ka zauna kusa da makaniken ka ce duk abin da za a taɓa kai za ka taɓa, shi ya tsaya yana kallo.

Sarkin_Giya:
Wani abu da ba a faɗa ba, tsofaffin mashina giyarsu a dama take, birkin baya a hagu. Wanda ya saba da na zamani in ya razana sai ya taka giya yana zaton birki ne. A kula.

Baba_Mai_Sifana:
Malam Sarki, na Ingila kake nufi, irin su BSA da Norton da tsofaffin Triumph da Royal Enfield. Wannan na Japan ne, giyarsa a hagu take kamar na yau. Amurka ce ta kafa doka cewa daga 1975 duk babur da za a sayar a can giya ta koma hagu, shi ya sa Turawan Ingila ma suka juya nasu.

Sarkin_Giya:
Na karɓi gyara Baba.

Na_Bayan_Layi:
Ni sunanka ne ma yake ba ni tsoro Sarkin Giya, wace giyar a ciki? 😂

Sarkin_Giya:
Mai lamba ɗaya zuwa biyar, ɗan nema.

Injiniya_Sabo:
Bari in yi magana a matsayin wanda ya yi shekaru da tsofaffi sannan ya koma na zamani. Ba na musun cewa CB550 zai iya. Zuriyar CB750 ce ta 1969, mashin ɗin da ya zo da silinda huɗu da birkin faifai a gaba da sitata, ya girgiza kamfanonin Ingila har BSA da ta taɓa zama mafi girma a duniya ta durƙushe a farkon shekarun 1970. Ingancin injin ba abin gardama ba ne.

Inda nake tsoro shi ne tsayawa. Faifai ɗaya ne a gaba, ganga a baya, kuma faifan wancan zamanin in ruwan sama ya jiƙa su sai ka matse ka ji shiru na ɗan lokaci kafin su kama. Mafi yawan ƙarfin tsayar da babur, wajen kashi 70 cikin ɗari, daga birkin gaba yake fitowa. Na yau suna da ABS, wanda ke hana taya kullewa in ka damƙe birki a firgice. BMW ta fara sa shi a babur tun 1988, Tarayyar Turai kuma ta wajabta shi ga sababbin mashina da suka haura cc 125 daga 2016. Titin da mahaifinka ya hau a 1976 ba shi ne titin yau ba, motocin da ke gabanka yanzu suna tsayawa cak cikin 'yan mitoci. In za ka tafi, ninka tazarar da kake bari sau biyu, ka canza man birki da tiyonsa, don man birki yana shan danshi, shi ya sa ake juye shi duk shekara biyu. Naka ya yi tara aƙalla.

Dan_Boksa:
Ƙaramin gyara Injiniya, kar wani ya ɗauka Honda ce ta fara silinda huɗu. FN ta Beljiyam ta yi tun 1905. Henderson ta Amurka ma mai huɗu ce, kuma a kanta Carl Clancy ya zagaya duniya daga 1912 zuwa 1913, lokacin da yawancin hanyoyi turɓaya ce.

Injiniya_Sabo:
Ban ce ita ta fara ba. Ita ce ta kawo shi hannun talaka da yawa.

Magajin_550:
Na gode ƙwarai. Wata tambayar: hular kwanon Baba ma tana nan, irin mai buɗaɗɗiyar fuska, da tabaransa. Na so in sa ta don su dace da mashin ɗin.

Kwano_Dole:
A'a! Don Allah a'a. Rataye ta a bango ka riƙa yi masa addu'a in ka kalle ta.

Mutane suna zaton ƙwaryar waje ce ke ceton kai. Aikin yana ciki, a farin soson nan mai tauri da ke murƙushewa ya shanye bugun kafin ya isa ƙwaƙwalwa. Sau ɗaya yake aiki, kuma zufa da zafi da shekaru suna cinye abin da ke riƙe da shi. Masu ƙerawa da kansu suna cewa a canza bayan kamar shekara biyar ana amfani. Nemi mai rufe haɓa, mai tambarin gwajin inganci na Turai, ECE 22.06 ko aƙalla 22.05, a ɗinke a jikin igiyar. Ta kama kumatunka, in ka girgiza kai kar ta yi rawa. Binciken da aka tattara ya nuna hular kwano tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 42, raunin kai kuma da kusan kashi 69.

Kuma wannan ba sabon ilimi ba ne. T. E. Lawrence, wanda ake kira Lawrence na Arebiya, ya faɗi daga kan Brough Superior ɗinsa a watan Mayun 1935 ba hula, ya rasu bayan kwana shida. Ɗaya daga cikin likitocin da suka duba shi, Hugh Cairns, shi ya dage da bincike har sojan Birtaniya suka wajabta wa masu babur ɗinsu hula a 1941.

Hajiya_R60:
Ƙari a kan maganar Kwano_Dole: akwai hulunan zamani da aka yi su da siffar na da, masu rufe fuska. Bell ta fitar da mai rufe fuska tun 1968, don haka ko ta fuskar tarihi ba ka saɓa wa 1976 ba.

Gagarabadau:
Hula na yarda. Amma jaket ɗin fata da safar hannu da but a cikin zafin rana? Mutum ya dahu kafin ya isa. Ni riga mai gajeren hannu nake sawa in iska ta ratsa ni.

Tsohon_Matafiyi:
Gagarabadau, ni ma haka na ce shekaru da dama, har ranar da yashi ya kwashe ni a wata kwana. Gudun bai kai 40 ba. Ban karye ko'ina ba, amma tafin hannuna na dama da gwiwar hannu sai da aka yi wata biyu ana wanke su, cokali ma da hagu nake riƙewa. Laifina ne, ba na mashin ba. Duk wanda zai faɗi hannu yake fara kaiwa ƙasa, ba ya shawara da kai.

Batun zafi kuma akwai abin da na gano a doguwar tafiya. In zafin gari ya wuce na jikinka, iskar da ke dukan fatarka ba sanyaya ka take ba, busar da kai take kamar an buɗe maka tanda. Zufar tana ƙafewa kafin ta yi amfani, sai ka ji ciwon kai da kasala ba ka san daga ina ba. Jaket mai raga-raga da ke da kariya a kafaɗa, gwiwar hannu da baya, da riga mai dogon hannu a ciki da ka ɗan jiƙa da ruwa, ya fi tsirara sanyi nesa ba kusa ba. Ba dole sai fata ba. Ka sha ruwa duk tsayawa ko ba ka jin ƙishi.

Sai abin toshe kunne. Ba ƙarar salansa ke kashe kunne ba, iskar da ke kaɗawa a cikin hula ce, a gudun 100 tana haura ma'aunin da ke lalata ji in aka daɗe. Kunnena na hagu har yau yana ƙara da dare.

Gagarabadau:
Allah ya ƙara lafiya Alhaji. Safar hannun dai zan saya. Jaket ɗin a bar ni in yi tunani.

Yaro_Kafe:
Yallaɓai Magaji in ka dawo ka kawo shi mu mai da shi kafe resa. A yanke bayan firam, a sa kujera mai ɗaukar mutum ɗaya, a sauke kan ƙasa, a cire akwatin iska. CB550 ya fi kowane mashin kyau a wannan salon 🔥

Baba_Mai_Sifana:
Kai yaro, ka ji tsoron Allah. Mashin ya yi kusan shekara hamsin ba wanda ya sa masa zarto sai kai?

Dan_Boksa:
Salon yana da tarihinsa, ba na raina shi. Samarin Landan na shekarun 1950 da 1960 ne da ke taruwa a shagon shayi na Ace Cafe suna neman mil 100 a awa, suna sauke kai don su kwanta a kan tanki. Amma su gajeren tsere suke yi daga wannan shagon zuwa wancan. Ka kwanta haka na awa shida ka ga yadda wuyanka da tsintsiyar hannunka za su yi. Kuma in ka cire akwatin iska, sai ka sake saita kafireto huɗu daga farko, aikin da ke sa babba kuka.

Yaro_Kafe:
To a bar firam ɗin, kujera kawai 😅

Shugaban_Zaure:
Jama'a a dawo kan tambayar Magaji. Maganar yanka mashin a buɗe mata nata zaren.

Baba_Mai_Sifana:
To bari in faɗi abin da zan yi da a ce a hannuna yake. Bayan roba, sai wuta. Wannan ƙirar tana amfani da kontak ne, 'yan ƙarafa biyu da ke buɗewa suna rufewa don ba fulogi wuta, kuma saiti biyu ne, ɗaya na silinda 1 da 4, ɗaya na 2 da 3. Suna cinyewa a hankali, saitin yana gocewa. Koyi gyara tazararsu, ka tafi da sababbi da kwandensa a aljihun jaka. In ka ji mashin ya koma kamar mai silinda biyu, ka taɓa bututun salansa a hankali ka ji waɗanne ne suka yi sanyi, nan take ka san wane ɓangare ne.

Sai bawul, a saita su injin yana da sanyi. Sai tankin: leƙa da tocila, shekara tara da ragowar fetur a ciki tsatsa ce, kuma ita za ta bi ta toshe kafireton da ka wanke. A wanke tanki, a sa 'yar matata a tiyo. Duk mahaɗar waya a cire a goge a mayar. Cajin waɗannan mashinan ba shi da ƙarfi in injin yana juyawa a hankali, don haka kar ka ɗora masa fitilu barkatai.

Baƙin mai kuma kar ka zuba na mota irin mai sa santsi. Kulocinka a cikin mai yake wanka, zai fara zamewa. Nemi mai alamar JASO MA a jikin galan.

Injiniya_Sabo:
Baba ni da zan ba shi shawara ya cire kontak ɗin gaba ɗaya ya sa na lantarki. Sau ɗaya za a saita, an gama. Ba a ganinsa daga waje ma.

Baba_Mai_Sifana:
Na lantarki yana da daɗi har ranar da zai mutu. Ranar ba abin da za ka yi masa a bakin hanya sai kallo. Kontak kuwa ko da 'yar takarda mai kaushi ka goge shi zai kai ka gari na gaba.

Injiniya_Sabo:
Sai ya sa na lantarkin ya riƙe tsohon farantin a jaka. Minti ashirin ne mayarwa.

Baba_Mai_Sifana:
Ga wanda ya iya.

Hajiya_R60:
Ku biyun kun dawo kan maganata ta ɗazu ba ku sani ba.

Tsohon_Matafiyi:
Lissafin kwanakin nake dubawa. 3,000 a kwana 12, kilomita 250 ke nan kullum ba hutu. A takarda kaɗan ne. A kan mashin marar gilashin tare iska, da kujerar da sosonta ya mutu, rana ta huɗu ita ce ke faɗa maka gaskiya. Ware kwana biyu da ba za ka hau ba sam, ko da zai sa sauran ranakun su koma 300. Tashi da sassafe, sauka kafin magariba, fitilar 1976 ba ta dare ba ce. Duk safiya kafin ka ɗaura kaya: iskar taya, baƙin mai, sarƙa, ka bi kusoshi da sifana. Sarƙar a shafa mata mai da yamma tana da ɗumi.

Kaya masu nauyi su zauna ƙasa kuma kusa da tsakiya. In ka tula su can bayan kujera, gaba zai yi sauƙi ya fara rawa a gudu. Kuma tayarka mai tiyub ce, in ƙusa ta shiga ba a toshe ta daga waje kamar ta zamani, sai an cire ƙafar. Gwada cirewa da yin faci a gida sau ɗaya, a inuwa, kafin ranar da za ka yi shi a rana. Kebul ɗin kuloci na safaya ka ɗaure shi a gefen wanda ke aiki, in ya tsinke sai dai ka sauya kai.

Kafin babbar tafiyar, yi ta gwaji: 300 zuwa, ka kwana, 300 dawowa, da duk kayan da za ka ɗauka. Abin da zai karye ya karye kusa da gida.

Ummu_Cub:
Ina karantawa ina murmushi. Ni ƙaramin babur ɗin Honda, Super Cub, nake hawa, wanda ake ƙerawa tun 1958 har an haura miliyan 100, kuma akwai masu ƙetare ƙasashe da shi a gudun 60. Ba ni da shawarar inji. Tawa ita ce kar ka tafi kai kaɗai. Samu mutum ɗaya mai mashin na zamani ku jera, ko don wanda zai je ya nemo abin da ya lalace.

Gagarabadau:
Wanda zai yarda ya bi tsohon mashin a baya kwana 12 yana shaƙar hayaƙi ai sai masoyi.

Na_Bayan_Layi:
Kai za ka raka shi Gagarabadau, ka ga ka samu dalilin sayen jaket.

Magajin_550:
Allah ya saka da alheri baki ɗaya. Na rubuta komai. Tayoyi da tiyub na sa a nemo, hular Baba ta koma bango. Kontak ko lantarki ban yanke ba tukuna. Gobe zan buɗe tankin. Yanzu da na haska ta bakin na ga wani abu ja-ja a ƙasa, ban sani ba ko tsatsa ce ko tsohon fetur ne ya daskare.

Baba_Mai_Sifana:
Duka biyun ne. Kar ka sake tayar da shi sai an wanke. Cire famfon man da ke ƙarƙashin tankin ka ɗauko mana hoton matatarsa.

Injiniya_Sabo:
Har yanzu ni dai da na zamani zan yi wannan tafiyar, in bar wannan na yawon yamma. Amma turo hoton mu gani.